Shida Saura Inci Ɗaya

Wata uku ke nan da Baba ya ce kada Kafinta ya sake taka ƙofar gidansa, kada kuma Auta ta taka ƙofar shagon Kafinta. Auta ta ce to. Ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta gaya wa Allah za ta jira albarkar ubanta ko shekara nawa ne. A lokacin ta zaci jira abu ne mai sauƙi.

Laifin Kafinta bai kai na minti ɗaya ba.

Akwatin gawa yake yi. Ba ya yin kujera, ba ya yin gado. Shekara goma sha biyu yana wannan aiki, har idonsa ya koma tef ɗin awo: in ya kalli mutum sau ɗaya, ya san tsawonsa da faɗin kafaɗarsa. Shi ya yi akwatin Mama shekara huɗu da suka wuce. A nan Auta ta san shi, domin shi kaɗai ne a cikin masu shigowa gidan bai ce mata ta daina kuka ba.

Ranar da ya zo neman aurenta, da gogaggiyar riga da kawunsa a gaba, Baba ya miƙe zai ba shi hannu. Idon Kafinta ya tashi daga tsakar kan Baba ya sauka har ƙafa, ya dawo ya bi kafaɗa zuwa kafaɗa. Leɓensa ya ɗan motsa.

Baba ya san wannan kallo. Ya taɓa ganinsa a kan matarsa.

"Ka gama?" in ji Baba. "Ƙafa nawa?"

Kafinta bai ko yi tunani ba. "Shida saura inci ɗaya, Baba."

Kawun ya rufe fuska da hannu. Baba, dattijon coci wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya nuna musu ƙofa da sanda.

Tun daga ranar Auta take jira. Ta je makarantar da take koyarwa, ta dawo, ta dafa, ta wanke. Ranar Lahadi ta hango ƙeyar Kafinta a layi na uku a coci, shi kuma ba ya waiwayowa. Haka suka yi alkawari.

Ranar Litinin ɗin nan da safe tana durƙushe a bakin ƙofa tana goge wa Baba takalmin da ya sa ranar Laraba. Garin katako ya maƙale a gefen dunduniyar. Ba yau ta fara gani ba, duk Laraba in ya dawo daga asibiti sai ta gani. Ta ɗauka yana biyawa ta coci ne inda ake gyaran benci. Tana cikin kakkaɓewa Gwaggo ta ɗaga labule ta shigo, Mai Kemis yana bin ta da ledar magani.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Tun rasuwar Mama ta ɗora wa kanta mulkin gidan, ko da yake ba a nan take kwana ba. Mai Kemis kuwa kantinsa na bakin titi, shi ke kawo wa Baba magani har gida. Turarensa kan riga shi shiga ɗaki.

"Baba, ai jiki ya yi kyau!" in ji shi, yana rusunawa. "Har kumatu ka yi."

Baba yana zaune a kujerarsa ta gefen taga. Wandonsa ya yi masa yawa. A makon jiya Auta ta gan shi yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa.

"Haka ka gani?" in ji Baba.

"Haka kowa ya gani, Yaya," in ji Gwaggo. Ta zauna, ta juyo. "Ke 'yar nan, ajiye takalmin nan ki ji. Ranar Lahadi bayan sujadar coci mutanen gidan su bawan Allahn nan za su zo. Na riga na amsa musu."

Auta ta dubi Baba. Baba yana kallon taga.

"Zuwa me, Gwaggo?"

"Zuwa sayen gawayi. Ji tambaya! Shekararki ashirin da tara, ba ki san abin da ke kawo dangin namiji gidan budurwa ba?"

Mai Kemis ya yi dariya kaɗan, ya ce zai jira a waje.

"Gwaggo, na gaya miki ba zan iya ba."

"Saboda mai kwalin matattu? Mutumin da in ana kuka a gari shi yake cin abinci? Gadon aurenku ma da murfi zai yi miki shi."

"Aiki ne kamar kowane aiki. Da bai yi ba, a me aka sa Mama?"

"Kada ki kawo mini sunan uwarki nan. Ya shigo gidan nan ya auna ubanki da ransa da lafiyarsa, kina tsaye!"

"Kuskure ne. Ya ba da haƙuri."

"To ya ci haƙurinsa. Ke da kika ce Allah ya umarta a girmama iyaye, ga shi nan, girmama."

Hawaye sun zo wa Auta, ta bar su suka zubo, ba ta share ba.

"Baba ya ce kada in je, ban je ba. Wata uku ko gaisuwa ban yi wa Kafinta ba. Amma ba zan tsaya a gaban bagaden coci in ce ina son mutum alhali ba na sonsa ba. Wannan ƙarya ce, Gwaggo, a gaban Allah kuma."

"Tab! Mu da muka yi aure duk maƙaryata ne ke nan? So yana zuwa daga baya, kamar haƙori."

"Baba," in ji Auta, "kai ka ce su zo?"

Baba ya yi tari mai tsawo a cikin hankicinsa. Ya naɗe hankicin da sauri ya cusa a aljihu.

"Ban ce kada su zo ba."

Auta ta ɗauki jakarta ta fita. Mai Kemis yana jingine da bango a bakin ƙofa.

"Malama," in ji shi a hankali, "ni ba na gaggawa. Amma ba kowa ne a gidan nan ke da lokaci irin naki ba."

"Me kake nufi?"

"Tsoho yana son ya ga 'yarsa a ɗakinta. Shi ke nan abin da na ce." Ya gyara wuyan rigarsa. "Ki gaishe da yaran makaranta."

Ranar ba ta san abin da ta koyar ba. Ta rubuta kwanan wata a allo sau biyu, duk ba daidai ba. Da aka tashi ta tsaya a mararrabar titi. Dama hanyar gida ce. Hagu kuwa ta bi ta bayan masu walda, ta wuce inda ake wankin mota, ta ƙare a wani lungu da mutane ke ƙara sauri in sun zo wucewa.

Ta ce a ranta, Ubangiji, na jira. Wata uku na jira, ba ka ce komai ba. Saura kwana shida.

Ba ta ji amsa ba. Ta bi hagu.

Shagon dogo ne, ƙofarsa ɗaya. Akwatuna uku suna jingine da bango a tsaye, murafunsu a gefe. Ƙamshin sabon katako da fenti ya cika wurin. Kafinta yana sunkuye a kan benci, fensir a bayan kunne, yana goge gefen wani katako. Da inuwarta ta faɗo a kan aikin ya ɗago.

Bai yi murmushi ba. Ya ajiye abin hannunsa, ya ja wata tsohuwar tamfol ya rufe wani abu da ke kwance a bayansa.

"Auta. Me ya faru? Baba ne?"

"Ba gaisuwa?"

"Ina wuni. Baba ne?"

"Baba lafiyarsa lau. Ni ce ba lafiya." Ta zauna a kan buhun garin katako, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Ta gaya masa komai: Gwaggo, Lahadi, da shirun Baba.

Ya tsaya nesa da ita, hannunsa a baya.

"Mu je kotu," in ji ta. "Ranar Alhamis. Shaidu biyu kawai ake nema. Na isa aure, ba wanda zai hana. In an ɗaura, Gwaggo ta yi ihunta ta gaji."

"Baba fa?"

"Zai yi fushi, ya huce."

"In bai samu lokacin hucewa ba fa?"

Ta ɗago. "Kai ma? Me ya sa yau kowa lokaci yake yi mini magana?"

Ya kau da kai.

"Mun ce za mu jira Allah," in ji shi. "Ba mu ce sai in ya yi sauri ba."

"Kai da sauƙi! Ba kai za a kawo wa baƙi ranar Lahadi ba. Kana nan kai da katakonka, ba mai matsa maka."

"Kin san sau nawa na zo bakin layinku na juya?"

"Ban sani ba. Ban gan ka ba."

"Don kada ki gan ni na juya." Ya dube ta. "Auta, ina sonki. Ko yau aka ce in ɗauke ki a kafaɗa zan ɗauka. Amma ba zan shigo gidan mutum ta taga ba. Na yi masa laifi sau ɗaya da idona, ba zan ƙara masa da hannuna ba."

"To in sun zo, in ce me?"

"Gaskiya. Ki ce a'a, ki tsaya a kai. Ba wanda zai ɗaura miki aure kina cewa a'a."

"Ba ka san Gwaggo ba."

"Na san ta. Ƙafa biyar da inci biyu."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. Ta kai hannu za ta share ido, gwiwar hannunta ta taɓa tamfol ɗin, gefensa ya zame ƙasa.

Akwati ne da ba a gama ba, na farin katako, an goge shi sumul. A jikinsa an yi rubutu da alli. Tsawo, ƙafa biyar da inci goma sha ɗaya. A ƙasa faɗin kafaɗa: an rubuta, an soke, an rubuta wanda bai kai shi ba, an sake sokewa, an rubuta na uku.

A ciki kuma an shimfiɗa wani shuɗin zane mai fararen furanni, an soma kafa shi da ƙananan ƙusoshi.

Auta ta san zanen. Na Mama ne, wanda take ɗaurawa ranar Lahadi. Wata biyu da suka wuce ta neme shi a cikin akwatin kayan Mama ta rasa, har ta zargi Gwaggo a ranta.

Ta miƙe a hankali.

"Na wane ne?"

Ya sunkuya zai ja tamfol ɗin.

"Na ce na wane ne?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba," in ji Kafinta. "Ba kuma zan yi miki ƙarya ba. Don Allah kada ki tambaye ni."

Ta dubi ƙasan shagon. Garin katako ko'ina. A gefen benci akwai wata kujera mai hannu, an ɗora mata matashi. Ba kujerar mai aiki ba ce, ta mai zama ya daɗe ce.

"Duk Laraba," in ji ta.

Ya cire fensirin daga bayan kunne, ya ajiye a kan benci.

"Kai ka auna kafaɗar sau uku?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ga hawaye ya ɗiga a kan katako, ya shafe shi da babban yatsa don kada ya ɓata wurin.

"Je ki gida," in ji shi. "Rana ba ta faɗi ba. Yana zaune shi kaɗai."

A hanya ta yi ta juya abin. Za ta iya shiga gida ta ce an riƙe su taro a makaranta. Ba wanda ya gan ta. Kafinta ba zai faɗa ba, ta riga ta ga yadda yake riƙe magana. In kuwa ta faɗi gaskiya, to ta karya alkawarin da ta yi wa Baba, kuma wata ukun da ta jira sun tashi a banza. Zai iya cewa da bakinsa ta auri Mai Kemis. Mai mutuwa in ya roƙi abu, da wane baki za ta ce a'a?

A bakin ƙofar gida ta tsaya ta dubi takalminta. Garin katako ya hau su. Ta sunkuya za ta kakkaɓe, sai ta fasa.

Ta ce, Ubangiji, na bi hagu da kaina. Yanzu ga ni. Abin da ka ga dama.

Baba yana inda ta bar shi. Ledar maganin tana kan tebur, ba a buɗe ba. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a gefen fuskarsa, ta ga ƙashin da ba ta yarda ta gani ba duk watannin nan.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, na yi laifi. Ka ce kada in je shagonsa, yau na je. Ba shi ya kira ni ba. Ni na je, na ce masa mu yi auren kotu ba da saninka ba."

Baba ya dubi takalminta, ya daɗe yana kallo.

"Ya ce me?"

"Ya ƙi."

"Mhm."

"Baba, na ga zanen Mama."

Baba ya ɗago ya dube ta.

"Shi ya gaya miki?"

"Bai faɗa ba. Na tambaye shi sau biyu."

"Ya gama kafa shi?"

"Baba!"

Ta kifa kai a gwiwarsa. Ƙashi ne kawai a ƙarƙashin wandon. Ya bar ta ta yi kuka, bai ce ta daina ba.

"Sati ɗaya kafin ya zo gidan nan likita ya gaya mini," in ji Baba. "Ban gaya wa kowa ba. Ina ta roƙon Allah ya canza magana. Sai ga mutum ya shigo falona da gogaggiyar riga, ya dube ni, ya faɗi awona. Na ɗauka amsar ke nan. Tsoro na ji, Auta. Shekara talatin ina tsayawa a bakin kabarin mutane ina gaya musu kada su ji tsoro. Da aka zo kaina, sai na kori mai tef."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Daga baya Gwaggonki ta sani. Mai Kemis ya sani, shi ke karanta takardar likita. Kin ji abin da suke ce mini kullum. Na yi kumatu." Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. "Na gaji da jin na yi kumatu. Na je wurin wanda ba zai ce haka ba. Da farko don in ba shi aiki. Daga baya don in zauna."

"Kuna magana?"

"Ba ya da surutu. Yana aiki, ina kallo. Wani lokaci mu yi addu'a. Sau biyu ya ce in gaya miki. Ko sau ɗaya bai ce in ba shi ke ba, ga ni a hannunsa kowace Laraba. Na yi ta jira ya roƙa, in ga ko zai yi ciniki da ni. Bai yi ba."

"To me ya sa ka bar Gwaggo ta kira mutane?"

"Girman kai. Wanda na kora da sanda a gaban kawunsa, da wane baki zan kira shi? Na ce bari in yi shiru, Allah ya yi abin da zai yi." Ya ɗora hannu a kanta. Hannun ba nauyi. "Da kin shigo kin ce mini taro aka yi a makaranta, da na ci gaba da shiruna har Lahadi."

Auta ta ɗago.

"Gobe ki je ki gaya masa," in ji Baba. "Ni na aike ki. Ya zo da kawunsa ranar Lahadi da sassafe, kafin sujada, kafin mutanen Gwaggonki. Zan ba shi haƙuri a gaban wanda na wulaƙanta shi."

"Gwaggo za ta tayar da gidan nan."

"Za ta tayar. Ba ta da labari tukuna, kada ki ba ta. In ta ji kafin Lahadi, za ta kawo su Asabar." Ya numfasa da ƙyar. "Ki ce masa ya bar tef ɗinsa a shago. Ki kuma ce kada ya makara. In ya makara, da tef ɗin zai zo."

Ya dafa hannun kujera zai miƙe. Ta kai hannu, ya girgiza kai. Sau biyu ya gwada kafin ya tsaya. Ya ɗauki sandarsa ya nufi ɗaki, yana bin bango. Hankicin ya faɗo daga aljihunsa, bai sani ba.

Auta ta ɗauka. Ba ta buɗe ba, jan jini ya riga ya ratso ta waje.

Litinin ce. Ta ƙirga a yatsa har Lahadi, ta sake ƙirgawa, bai ragu ba. Da ta ɗaga kai Baba ya kai bakin ƙofar ɗakinsa, ya tsaya yana hutawa, ya ba ta baya. Sai ta kama kanta tana kallonsa daga tsakar kai har ƙafa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, leɓenta yana motsi.